Kundin aikatau masu jela, yadda aikin ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Bismillah. Yau dai na fara aikin nan da na daɗe ina cewa zan yi zan yi. Yaran da ke zuwa lesin ɗin Turanci a zauren gidanmu duk Asabar da Lahadi sun kai goma sha huɗu yanzu, tara 'yan SS3 ne masu jiran JAMB da WAEC, sauran biyar ɗin sun gama tun bara Turanci ne ya riƙe su suna son sake zama. Makon jiya na raba musu tambayoyin baya, da na zauna ina maki da daddare sai na ga wani abu da ya tsaya min a rai. Ba manyan kalmomi ne ke kayar da su ba wallahi. Akwai yaron da ya san ma'anar postpone, ya san extinguish, har rubuta su yake ba kuskure, amma da aka ce the meeting was put off sai ya zaɓi amsar da ke nufin an kashe wutar ɗakin taro. Put ya sani tun firamare, off ma ya sani, amma da suka haɗu sai suka zame masa baƙi.

To wannan su ne phrasal verbs, wato aikatau ɗan ƙarami irin su put, get, take, give, come, go, sai a liƙa masa wata 'yar kalma a baya kamar up, off, out, on, in, over, ma'ana ta juye. Na rasa sunan da zan kira su da Hausa sai nace musu mu ce aikatau mai jela, ita 'yar kalmar ta baya ita ce jelar. Sun yi dariya amma sun karɓa, kafin a tashi har na ji wata tana tambayar ƙawarta wace jela ce a nan.

Niyyata in tara guda 300, kowanne a kati ɗaya, gaba Turanci da jimla guda, baya bayani da Hausa irin wadda muke yi a gida ba ta kamus ba. In sun cika in buga su a waya in mayar da su PDF in tura musu a WhatsApp, duk wanda ya samu ya tura wa wani. Kwalayen taliya na karɓo wajen mai shagon bakin layi, ƙanena ya yanka min su da almakashi. Yau na rubuta 22.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na bi tsarin kamus, wato na ɗauki aikatau ɗaya na jero duk jelolinsa. Na fara da break, break down, break in, break into, break off, break out, break up. Na rubuta a allo sun kwafa sun haddace jiya, yau da na tambaya duk sun cakuɗe. Ba laifinsu bane, abu shida masu kai iri ɗaya a rana ɗaya, kuma ba abin da ya haɗa ma'anoninsu a idon yaro. Hadda ce kawai ba fahimta, ita kuma irin wannan haddar kwana biyu take yi ta gudu. Kati 41 amma raina bai kwanta da tsarin ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Alhamdulillahi, yau kam an samu bakin zaren, kuma a tsakar gida na tsince shi ba a littafi ba. Da safe sanyi ya hana kowa fita, Inna ta dama kunun gyaɗa ta zuba wa ɗan yayata a kofi, ya sha rabi ya ajiye zai gudu wajen wasa, sai ta daka masa tsawa tace kai zo nan ka shanye shi. Ba cewa tayi ka sha ba, ai ya sha. Ka shanye. Ina zaune da katin drink up a hannuna ina ta tunanin yadda zan fassara up ɗin nan tunda ba sama ake nufi ba, sai kawai na ji amsar daga bakin Inna.

Mu ma muna da abin nan ashe, bambancin kawai su jelarsu a ware take, mu kuma tamu a manne take da ƙarshen aikatau. Ci da cinye, shi ne eat da eat up. Sha da shanye, drink da drink up. In kace ya sayi shinkafa daban, in kace ya saye shinkafar kasuwar daban, to na biyun shi ne buy up. Ka cika tanki har ya cike, fill up. Use up a ƙarar da abu tas. Burn up ko burn down, ya ƙone ƙurmus. Tear up, ba yaga ɗaya ba, a yayyage takardar gaba ɗaya. Lock up, a kulle ko'ina kafin a tafi.

Da yamma da suka zo ban rubuta komai a allo ba sai ci da cinye, nace wa zai gaya min bambancinsu. Duk suka ɗaga hannu har da mai kunyar nan ta layin baya da ba ta taɓa magana ba, tace Malam in an cinye ai babu saura. Nace to Bature in yana son yace babu saura up yake ƙarawa. Wallahi shiru zauren yayi na ɗan lokaci, sannan suka fara kawo nasu da kansu, wani yace to clean up kenan a share tas, wata tace dry up rijiya ta ƙafe, nace ƙwarai. Ni ban koya musu waɗannan biyun ba.

Sai dai na ja musu kunne kar su ɗauka ko'ina aka ga up haka take. Tana nan da ma'anarta ta asali ta sama, stand up, pick up, kuma tana nufin ƙari kamar turn up the radio ko speak up, sannan ga irin su give up da make up da bring up waɗanda dole sai an san su ɗaya bayan ɗaya. Amma ko ba komai yanzu sun san jelar ba haka kawai aka jefo ta ba, tana ɗauke da kaya.

Na warware tsarin farko. Daga yau bisa jela zan jera katunan ba bisa aikatau ba, na sa roba na ɗaure kowane rukuni daban.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

In, out, down, back, away. Waɗannan sun zo da sauƙi saboda akasari hanya suke nunawa, kuma nan ma Hausa ta taimaka amma ta wata fuska da ta ba ni sha'awa. Duba fita da fito. Bature zai ce go out da come out. Shiga da shigo, go in da come in. Sauka da sauko, go down da come down. Koma da dawo, go back da come back. In ka lura abin a juye yake. A wajenmu jikin aikatau shi ke gaya maka ciki ne ko waje, wasalin o na ƙarshe kuma shi ke cewa wajen mai magana aka nufo. A wajensu go da come su ke nuna ko nan aka nufo ko can, jela kuma ta gaya maka ciki ko waje. Kaya ɗaya ne aka raba wa jakuna biyu, kowa da yadda ya yi lodinsa.

Sai kuma masu ƙarewa da ar, zubar da, jefar da, fitar da, mayar da, bayar da. Su ne throw away, take out, put back ko give back, give away. Abin yana barin hannunka yana tafiya.

Wannan duk abin da aka koya mana ne a darasin giredin aikatau, wato yadda ake kasa aikatau na Hausa rukuni-rukuni bisa ga yadda suke ƙarewa, tsarin nan na giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, cinye da shanye giredi na 4, fitar da zubar na 5, fito da shigo na 6. Lokacin da nake karanta shi don jarrabawa kawai na karanta, ban taɓa kawowa zai yi min amfani a ajin Turanci ba. Yaran ban dame su da lambobin giredi ba, ba sa buƙata, bakinsu ya riga ya iya.

Kati 96.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau ne muka shiga wajen da ya fi wuya, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Jelar nan iri biyu ce duk da kamarsu ɗaya. Wata adverb ce, wato bayanau, ta aikatau ce ita, tare suke. Wata kuma preposition ce, ita ba ta aikatau bace sosai, ta sunan da ke gabanta ce, ba ta yarda a raba ta da shi. Matsalar ita ce kalmomi irin su on, off, up, over, through, in suna yin aikin biyun duka, ido ba zai gane ba.

An kawo wuta lokacin, fankar zauren tana juyawa ga sanyi, sai na ce da wani yaro tashi ka kashe, amma kafin ka taɓa makunnin gaya min da Turanci me za ka yi. Yace I will turn off the fan. Nace daidai. Wata hanyar fa? Aka yi shiru, sai wata tace turn the fan off. Nace shi ma daidai. To yanzu cire fan ka sa it. Yace turn off it. Nace a'a, nan ne ba a yarda ba, sai dai turn it off. In jelar bayanau ce, suna yana iya zama gabanta ko bayanta, amma wakilin suna irin su it, him, her, them, me dole tsakiya zai shiga. Pick it up, put them on, call him back, wake me up. Ba zaɓi.

Sannan na kawo look after. Look after the baby. Nace a sa her. Da yake sun ɗauki dokar farko da zafi sai suka ce look her after, duka ajin baki ɗaya. Nace to kun ga ɗaya irin kenan. After a nan preposition ce, ba ta matsawa, look after her. Haka look for it, listen to him, wait for me, run into them, come across it, get over it.

Na ba su misalan da kalmomin iri ɗaya ne sak amma aikin daban, don su ga ba wasa bane. She turned on the light, za ka ce she turned it on. Amma the dog turned on the boy, kare ya juyo ya far wa yaron, nan sai dai turned on him, in kace turned him on ka faɗi wata magana daban wadda ba ta dace ba. Look up the word, duba kalmar a kamus, look it up. See through him, ka gano ƙaryarsa. See it through, ka ga ƙarshen aikin kar ka sake shi a hanya. Kalma biyu ne ba su canja ba, wurin zaman wakilin suna kawai ya raba ma'ana.

Akwai gwaji na biyu da na ƙara wa manyan cikinsu. Za ka iya soka wani bayanau tsakanin aikatau da preposition, kamar look carefully at the picture ko listen quietly to the teacher. Amma ba za ka ce turn quickly off the fan ba, sai dai turn the fan off quickly. Kuma kunne ma yana ji, in jelar bayanau ce murya tana sauka a kanta da ƙarfi, turn it OFF, in preposition ce yawanci a saɓe take wucewa, LOOK at it.

Saboda haka na yanke shawara duk katin da ke ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, da wakilin suna zan rubuta shi. Ba zan ƙara rubuta put off kawai ba, sai put it off. Ba look after ba, look after her. In yaro ya haddace shi a haka ya haddace dokar tare da shi bai ma sani ba. Hakan na nufin sai na sake rubuta kusan kati 70. Zan yi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana uku ba wuta, wayar tana wajen mai caji yawancin yini, bugawa ta tsaya a kati na 50. Sake rubutun katunan dai na gama da fitilar sola. Makar baƙa ta ƙare na koma shuɗiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na ba su aikin gida kowa ya rubuta jimla biyar. Ɗaya daga ciki ya rubuto min my uncle passed away from NYSC last year and he is now teaching. Na kira shi gefe nace kawun naka yana da rai ko? Yace lafiyarsa ƙalau Malam, jiya ma ya zo gidanmu. Nace to pass away rasuwa ce. Abin da kake nema pass out ne, kamar yadda ake cewa passing out parade ranar da 'yan bautar ƙasa ke gama shekararsu. Kuma shi ma pass out ɗin a kula, wannan ma'anar ta kammala horo daga bakin sojan Ingila ta zo, a maganar yau da kullum in Bature yace she passed out suma yake nufi. Yaron ya riƙe baki yace jela ɗaya ta kashe min kawu. Ina ganin shi da pass away sun gama har abada.

Wannan ya ja mu cikin Turancinmu na Najeriya, kuma na daɗe a kai don ba na son su fita da tunanin cewa duk abin da suke ji a gari shirme ne. Mu nan mun ɗauki jelar ma mun mayar da ita aikatau, off the light, on the gen, kowa ya gane ba wanda zai tsaya tambaya. Muna cewa pick my call ba up. In mace ta samu ciki ana cewa she has taken in, alhali a Ingila take in na nufin a yaudari mutum, ko a fahimci magana, ko tela ya rage faɗin riga. Mai jawabi zai ce let me round up yana nufin zai kammala, su kuma round off suke cewa, round up a wajensu tattaro mutane ne ko dabbobi kamar yadda 'yan sanda ke yin kame, ko a cike lamba ta zama dunƙulalliya. Sai kuma inda muke ƙara jela ba a neme ta ba, discuss about, request for in aikatau ne, emphasize on, comprise of, da babbansu cope up with. Cope with ne kawai. Ina zargin keep up with da put up with ne suka shafa masa up ɗin.

Abin da na gaya musu shi ne, ni ban ɗauki off the light a matsayin jahilci ba, haka harshe ke yi in ya zauna a sabon gari, Hausa ma ai mun ga yadda ta koma a bakin mutanen Kumasi ko Yawunde. Amma mai makin WAEC ba da wannan ma'aunin yake aiki ba, zai ja jan biro a kai. Don haka ku san biyun, ku san inda kowanne ke shiga. Na ware musu rukuni na musamman na ɗaure da jar roba, kati 18.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau, Allah ya karɓa mana. Mun mayar da lesin safe ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi, 'yan matan suna da aikin buɗa baki da yamma.

Bayan sahur ban koma barci ba na ɗan yi karatu a kan tarihin abin. Ashe tun 1755 Samuel Johnson a gabatarwar kamus ɗinsa ya yi maganarsu, ya ce nan ne baƙin harshen suka fi shan wuya, ya jero misalai irin su come off, fall on, give over, set out, take off. Shi kuma sunan phrasal verb a 1925 ya fito a rubuce a littafin Logan Pearsall Smith, kuma ya ce Henry Bradley, ɗaya daga editocin babban kamus na Oxford, shi ya ba shi sunan. Na karanta wa yaran wannan da safe don su san wahalar ba daga kansu take ba, shekara 270 kenan masu harshen da kansu sun san wajen nan akwai santsi.

Nace musu kuma ku tuna Baturen da zai koyi Hausa shi ma yana da nasa. Ya koyi ci yana murna, sai a ce masa ci amana, ci bashi, ci mutunci, ci jarrabawa, ci gaba, ci sarauta. Ya koyi kashe sai ya ji kashe kuɗi, kashe aure, kashe wuta, kashe ƙishirwa. Ginin ba iri ɗaya bane da nasu, mu suna muke haɗawa da aikatau, amma wahalar ɗaya ce, kalmomi biyu da ka sani su haɗu su haifi abin da ba ka sani ba.

Asabar, 15 ga Maris

Masu jela biyu. Put up with, run out of, look down on, catch up with, get away with, come up with, look forward to. Ta farko bayanau ce ta biyu preposition, kuma daɗin waɗannan ba a raba su, karɓau a ƙarshe yake, put up with him, run out of it. Sun kama da wuri, musamman run out of, don kowa ya san I have run out of data.

Wanda ya ci mana lokaci shi ne look forward to, kuma dole in tsaya a kansa saboda wasiƙa. Kusan dukkansu suna rufe wasiƙa da I look forward to hear from you. An koya musu tun JS1 cewa bayan to aikatau tsirara yake zuwa, to go, to eat, to hear. Amma wannan to ɗin ba waccan bace, preposition ce, suna take nema ko abin da ya yi kama da suna. Gwajin da na ba su mai sauƙi ne, gwada sa suna a bayanta. I look forward to Sallah, ya zauna? Ya zauna. To tunda suna ya zauna, aikatau in zai shigo sai da ing, hearing from you. Gwada da want, I want to Sallah, bai zauna ba, to wannan ita ce to ɗin da kuka sani. Haka be used to, object to, get round to. Na sa kowa ya rubuta ƙarshen wasiƙa sau biyar a littafinsa. Yunwa ta fara taɓa su wajen goma da kwata na sallame su.

Kati 203, na buga 140 a waya.

Lahadi, 23 ga Maris

Mutum shida kawai suka zo, goman ƙarshe ce ana tahajjud. Mun yi abu mara nauyi, yadda aikatau mai jela ke komawa suna. The car broke down, amma we had a breakdown. In aikatau ne a ware ake rubutawa murya a kan jela, in suna ne a haɗe ko da ɗan layi a tsakani murya ta dawo farko. Log in da login, set up da setup, take off da takeoff, check in da check-in. Wannan zai yi musu amfani a Test of Orals, wato takardar WAEC ta furuci, wajen tambayoyin stress, inda murya ke sauka da ƙarfi a kalma. Na kuma tuna musu alamar shuɗewar lokaci a jikin aikatau take ba a jela ba, logged in, ba login da ed a ƙarshe ba, na sha ganin wannan a guruf.

Wani yaro mai son mota ya tambaya ko overtake da take over ɗaya ne tunda kalmomin ɗaya ne aka juya. Tambaya mai kyau. Ba ɗaya bane, overtake ka wuce motar gabanka, take over ka karɓi ragama. Haka upset da set up, ba abin da ya haɗa su. Masu jelar a gaba tsohon gini ne, Turancin da can ya fi liƙa ta a gaba kamar understand da withstand da forgive, daga baya ne ta fi komawa baya ta tsaya ita kaɗai. Income da outcome da outbreak duk ka ga come in da come out da break out a cikinsu.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Sallah ranar Lahadi, kowa ya dawo. Na yi musu gwaji tambaya 30, duk a kan abin da muka yi tun Janairu. Mutum goma sha ɗaya sun haura 20, mai kunyar nan ta layin baya ita ta zo ta ɗaya da 27. A tambayoyin wurin zaman wakilin suna kusan ba wanda ya faɗi, wannan ya faranta min rai fiye da komai don nan na fi zuba ƙarfi. Inda suka zube shi ne masu ma'ana fiye da ɗaya. Take off sun san jirgi ya tashi, sun san cire riga, amma the business took off ya ruɗa su. Make up kuwa kwalliya kawai suka sani, ban da ƙirƙiro labari, ban da shiryawa bayan faɗa, ban da make up for na cike gurbi. Laifin katunana ne, ma'ana ɗaya na sa wa kowanne. Sai na ƙara wa irin waɗannan kati na biyu da na uku.

Wata ta yi tambayar da nake jira tun farko, tace Malam to in akwai postpone me zai sa in wahalar da kaina da put off, ai postpone ya fi nuna an iya Turanci. Na fahimce ta, haka aka tarbiyyantar da mu, mai dogon Turanci shi ne gwani. Na ba su labarin 1066 da Normawa daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon lokaci, Latin kuma na coci da malamai, talaka yana ta yin Turancinsa a gona da kasuwa. Shi ya sa abubuwa da yawa suke da suna biyu, na fada da na gida. Postpone da put off, tolerate da put up with, discover da find out, extinguish da put out, surrender da give up ko give in. Kamar yadda muke da kalmomin da suka zo daga Larabci muna jin nauyinsu daban da na gida. A wasiƙar neman aiki postpone ya fi dacewa, ban musa ba. Amma uwa a Landan ba za ta ce wa ɗanta extinguish the candle ba, kuma fim ko labaran BBC ko hirar neman biza duk da gajerun ake yin su, wanda bai iya su ba zai karanta jarida ya gane amma a yi masa magana ya tsaya kallo. Wasu ma kamar carry out da point out da set up har cikin rubutun jami'a suna nan daram.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Kati 268, na buga 231. Na tura wa 'yan JAMB abin da ya samu tun daren jiya tunda ƙarshen watan nan za su shiga, ba zan sa su jira sai ya cika 300 ba. Wata ta dawo min da gyara biyu da safe, na rubuta ƙafe a inda ya kamata in sa bushe a katin dry out, kuma na maimaita call off sau biyu. Na gyara.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne get. Na yi ta ɗaga shi tun Fabrairu saboda shi kaɗai ya ƙi bin tsarin jela da na shimfiɗa, get on, get off, get by, get at, get over, get through, get along with, get away with, kowanne da inda ya dosa. Ina tunanin in karya dokata a kansa in yi masa rukuni nasa shi kaɗai, amma ba a jere a allo kamar yadda na yi da break ba. Zan gwada sa su cikin labari ɗaya na tafiya daga Kano zuwa Zariya a motar haya, a hau get in, in bas ce get on, a sauka get off, a wuce shingen duba get through, a isa get there, a dawo get back. Na rubuta rabin labarin yau bayan la'asar, na tsaya a Kwanar Dangora. Kwalaye sun ƙare, gobe zan leƙa wajen mai shago.